Mun je Kano kallon jiragen yaƙi a bikin yaye matuƙa

Duk mai noma a karkarar Minjibir ya san ƙarar jiragen sojan sama. Makarantar koyon tuƙi ta 403 tana nan Kano, maƙwabtaka da filin jirgin Malam Aminu Kano, don haka in ɗalibai suka tashi atisaye sukan bi ta kanmu. Kana duƙe kana noma sai ka ji rugugi, kafin ka miƙe ka dafe hula sun yi gaba. Ban taɓa ganinsu kusa ba sai da ɗan yayana ya gama makarantar, ya aiko da katin gayyata zuwa bikin da ake maƙala musu bajon fukafukai a ƙirji.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da Yaya da Inna da yara biyu. Sammakon ya yi rana, domin binciken bakin ƙofa ba a yinsa da gaggawa, kuma kowane babba sai ya nuna katin shaida. Muna zama a rumfa wani soja ya matso ya ce da Yaya, "Baba, don Allah a riƙe ledar ruwan nan da kyau, kar iska ta ɗauke ta." Ashe ba maganar tsafta ba ce kawai. Injin jirgin zuƙar iska yake da ƙarfi, leda ko tsakuwa ko ƙusa in ta faɗa ciki tana iya lalata shi. Da idona na ga sojoji sun jeru kafaɗa da kafaɗa suna tafiya a hankali kan kwalta, kai a sunkuye, suna tsince duk abin da suka gani. Wannan aikin babu mai tafa masa, amma ni ya fi fareti burge ni.

An yi badujala, an yi jawabai, an maƙala bajo, mata suka rangaɗa guɗa. Sai mai sanarwa ya ce a dubi gabas.

Ga abin da zan gaya wa duk mai zuwa irin wannan kallo: kada ka bi ƙara da ido. Sauti yana cin kusan mita 340 a daƙiƙa. Jirgin da ke gudun kilomita 600 a awa yana cin kusan mita 167. In yana da nisan kilomita ɗaya da kai, ƙararsa za ta iso kunnenka bayan daƙiƙa uku, shi kuwa ya riga ya ƙara gaba da rabin kilomita. Malamin firamare ne ni, lissafin nan ba baƙona ba ne, amma sai ranar na ga rabin rumfa na kallon sararin da babu komai. Waɗanda suka ɗaga waya kuwa sun koma gida da hoton hayaƙi da hulunan mutane.

Jiragen L-39 ne, ƙirar tsohuwar ƙasar Cekosulobakiya, masu inji ɗaya da kujera biyu, ɗalibi a gaba malami a baya, da ɗan tanki a bakin kowane fiffike. Sun taho ƙasa-ƙasa a jere, ka rantse fukafukansu za su gogi juna. Ɗaya ya ware, ya miƙe sama tsaye har ya koma ɗan ɗigo, ya kifo da ciki sama, sannan ya sulalo kamar shirwa ta hango ɗan tsako. Ƙarar ba a kunne kaɗai take tsayawa ba, har a ƙirji kake jinta. Ƙaramin yaronmu ya fashe da kuka. Mai zuwa da yara ya taho da auduga ya toshe musu kunne tun kafin a fara.

Inna ta riƙo hannuna tana salati. "Maigidan nawa ne a ciki?"

"A'a Inna, malamansu ne. Ga shi can tsaye cikin layi."

"To, shi yana ƙasa, me ya raba ni da gida?"

Duka wasan bai fi a sha kofin shayi ba. Da aka tashi ne jikan nata ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ni kuma na tsare shi da tambaya kan wancan juyin. Ya ce, "Baffa, a lokacin jikinka yakan yi nauyi wajen ninki huɗu. Jini ya gudu ƙafa, ido ya fara duhu." Shi ya sa suke sa wani wando mai cika da iska yana matse cinya da ciki, su kuma su ƙanƙame tsoka suna numfashi a gutsure. Ya ce ba a fara wa kowa da wannan jirgin. Sai ka yi makarantar 401 a Kaduna da Super Mushshak, ƙaramin jirgi mai farfela ƙirar Pakistan, kafin a kawo ka Kano.

Tun da muka dawo samarin unguwa ke tare ni a bakin masallaci suna tambayar hanyar shiga. Nakan ce musu babbar ƙofa ita ce makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna, kuma kafin a zo ga gudu da gwajin ido sai mutum ya ci JAMB, ya kawo kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Biyu daga cikinsu sun fara zuwa wurina bayan la'asar muna bitar lissafin.