Ɗakin Wa, Sunan Ƙane: Tafiyata Zuwa Bainbridge

Sati na biyu da saukata a Kolombus, babban birnin jihar Ohayo ta Amurka, 'yar ƙanina ta lura da yadda nake cin abinci. Karatun likitan haƙori take yi, tana shekara ta uku, kuma idonta ya riga ya lalace da kallon bakin mutane.

"Baffa, me ya sa ɓangaren dama kaɗai kake taunawa?"

Na ce mata haka Allah ya yi ni. Ta yi shiru irin na wadda ba ta yarda ba. Ranar Asabar da sassafe sai ta ce in shirya, za ta kai ni in ga inda sana'arsu ta fara zama abin koyarwa a ƙasar. Ni dai na zaci wani katafaren gini ne mai ginshiƙai.

Muka bi hanya mai lamba 23 muka nausa kudu. Tafiyar kamar awa ɗaya babu abin gani sai gonakin masara da aka girbe, shimfiɗe har iyakar ganinka. Sai da muka kusa Chillicothe ƙasar ta fara tudu da gangare. Wannan gari shi ne babban birnin Ohayo na farko, lokacin da ta zama jiha a 1803, amma ba mu tsaya ba sai shan mai. Daga nan muka karkata yamma a hanya mai lamba 50, muna bin kwarin wani rafi da ake kira Paint Creek. Watan Oktoba ne, itatuwa sun rine, wasu ja wasu ruwan ɗorawa, kamar an watsa wa duwatsun garwashi. Gab da isa muka wuce Seip, wani tulin ƙasa mai girma da mutanen da suka zauna wurin suka tara kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Na so mu tsaya, direbata ta ce sai a dawowa.

Bainbridge ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai dubu ba. Babban titi ɗaya ya ratsa shi, in ka yi hamma mai tsawo ka fita ta ɗaya gefen. A bakin wannan titi ta faka mota gaban wani ɗan gidan bulo, ba bene, wanda da ni kaɗai ne sai in ɗauka gidan wata tsohuwa ne.

"Mun zo, Baffa."

"Ina makarantar?"

"Ita ce kake kallo."

Mai gidan shi ne Dakta John Harris, haifaffen Pompey a jihar Niyok, a 1798. Likitan jiki ne tun asali, irin na ƙauye, wanda zazzaɓi da karaya da haihuwa duk nasa ne. Ya yi ƙaura zuwa Ohayo, ya zo ya zauna a Bainbridge. A ƙarshen 1827 ya sa sanarwa a wata jaridar Chillicothe cewa zai ɗauki ɗalibai ya shirya su domin shiga makarantar likitanci. Sai dai zuciyarsa ta fi karkata ga haƙori, kuma abin da ɗaliban suka fi kwasa daga wajensa ke nan. Makarantar ba ta yi tsawon rai ba, domin a 1830 ya tattara ya koma Chillicothe. Shekara uku ke nan ba ta cika ba.

Sai ka san yadda sana'ar take a lokacin kafin ka ga girman abin da ya yi. Cire haƙori aikin wanzami ne ko maƙeri, ko wani mai yawo gari gari da jakarsa. Wanda ya iya wata dabara ɓoye ta yake yi, don ita ce abincinsa. Shi kuwa Harris ya ce haƙori ɓangaren jiki ne, wanda zai taɓa shi sai ya san ƙashi da jijiya da jini, kuma ya buɗe ƙofa ya koyar.

A cikin ɗakin na daɗe tsaye gaban wani akwatin gilashi. Abin da ya tsayar da ni wani ƙarfe ne mai siffar mabuɗin ƙofa na da, da mariƙi a gicciye, a bakinsa kuma wata 'yar ƙugiya kamar farcen shaho. 'Yata ta nuna mini yadda ake aiki da shi, tana gwadawa da yatsanta: a maƙala ƙugiyar a jikin turmin haƙori, a jingina ƙarfen a dasashi, sannan a murɗa kamar ana buɗe kwaɗo. In an yi sa'a haƙorin ya fito ɗungurungum. In ba a yi ba ya karye a ciki, wani lokaci ya taho da ɓallin ƙashin muƙamuƙi. Kuma duk wannan ido biyu ake yi wa mutum. Sai a 1844 Horace Wells ya gwada iskar nan mai sa dariya wajen cire haƙori, a 1846 kuma William Morton ya nuna aikin wani maganin sa barci mai suna ether a Boston. Duk wanda ya zauna a kujerar Harris a wannan ɗaki, abin da yake da shi kawai shi ne ya damƙe hannun kujera. Ban san lokacin da harshena ya tafi ɓangaren hagu yana lalube ba.

Ta kuma ba ni labarin haƙoran sawa na wancan zamani, waɗanda ake sassaƙawa da hauren dorina, wani lokaci a dasa musu haƙoran mutane na gaske. Na ce mata ya isa haka.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne zancen ƙanin John Harris. Chapin Harris, wanda aka haifa a 1806, wajen wansa John ya koyi likitanci da aikin haƙori. Daga baya ya tafi Baltimo, birni mai tashar jiragen ruwa da manyan mutane. A can ya yi rubuce-rubuce, ya shiga cikin waɗanda suka kafa mujallar likitocin haƙori ta farko a 1839, sannan a 1840 shi da Horace Hayden suka kafa kwalejin likitancin haƙori ta farko a duniya. Digirin likitan haƙori na DDS da 'yata take wahala a kansa daga can ya samo asali. Wani ɗalibin John ɗin, James Taylor, ɗan wannan yanki, shi ya kafa kwaleji ta biyu a Cincinnati a 1845. Nan 'yata ta katse ni da murna, ta ce a kwalejin Taylor ne Lucy Hobbs ta kammala a 1866, mace ta farko da ta karɓi digirin haƙori.

To, kwalejoji biyu na farko duk daga wannan ɗan ɗaki suka tsiro. Amma Chapin ne ke da mutum-mutumi a Baltimo, shi ne sunansa ke cikin littattafan ɗalibai. John ya ci gaba da yawon aikinsa daga gari zuwa gari, ya rasu a 1849 a Hertford, wani ƙaramin gari a North Carolina, nesa da Ohayo. Gidan nan ma sai bayan fiye da shekara ɗari da barinsa likitocin haƙori na jihar suka waiwaye shi suka mai da shi gidan tarihi. Ban ga laifin Chapin ba, ya yi aikinsa kuma ya cancanci abin da ya samu. Amma ni babban wa ne, na san yadda ake riƙe wa ƙane tsani, don haka kada a tambaye ni ɓangaren wa nake.

Na faɗa wa 'yata haka da muka fito. Ta yi dariya ta ce za ta gaya wa babanta. Na ce ta gaya masa, ya san wanda ya koya masa karatun agogo.

A dawowa mun tsaya a Seip kamar yadda ta yi alkawari. Iska mai sanyi tana kaɗawa a filin, na buɗe baki zan yi magana, sanyin ya daki haƙorin nan na hagu har sai da na dafe kunci. Tana kallona.

"Baffa, buɗe in gani."

"A nan? A fili?"

Ta kunna fitilar wayarta, ta sa ni na ɗaga kai sama. Ta leƙa na ɗan lokaci, ta ce kogo ne, amma da alama bai kai jijiya ba, ciko zai wadatar in ban ƙara ja masa lokaci ba. Na tambaye ta ko har yanzu suna da wannan mabuɗin a asibitinsu. Ta ce a'a, allura ce za a yi mini, ba zan ji komai ba, kuma ta riga ta sama mini layi ranar Talata da ƙarfe tara tun kafin mu baro gida.