Tarihin Rayuwar Celestine Babayaro, Kashi na Uku: Lamba Uku a Stamford Bridge

Makon jiya mun kwana a gasar Olamfik ta Atlanta, inda Babayaro, yaron nan haifaffen Kaduna, ya tashi sama ya sa wa ƙwallo kai ta faɗa ragar Ajantina, ya bi ta da alkafura, Najeriya ta ci 3-2 ta ɗauko zinaren Olamfik na 1996. Bai cika shekara 18 ba a ranar. A shekarar ce kuma aka ba shi Takalmin Ebony a Beljiyam, kyautar gwarzon ɗan wasa mai jinin Afirka, wadda Daniel Amokachi, shi ma ɗan Kaduna, ya riga shi ɗauka har sau biyu. Daga nan kowa ya san ƙungiyarsa Anderlecht ba za ta iya riƙe shi ba. Abin da ya rage shi ne wa zai zo da kuɗi.

Chelsea ce ta zo, a 1997, lokacin Ruud Gullit na riƙe da ƙungiyar. Ta biya fam miliyan 2.25, kuɗin da ba ta taɓa kashewa a kan yaron da bai kai shekara 20 ba. Aka ba shi riga mai lamba uku, ta mai tsaron baya na hagu.

Tun ba a je ko'ina ba sai ga matsala biyu. Ta farko shi ya jawo wa kansa. A wasan share fage da Stevenage, ƙaramar ƙungiyar da ko a rukunin ƙwararru ba ta a lokacin, ya yi alkafurar tasa ta murna, ya sauka ba daidai ba, ya ji rauni a ƙafa. Mai alkafura yana saukar da nauyinsa gaba ɗaya ne a kan tafin ƙafa da idon sawu, ga takalmi mai haƙora da ke kama ciyawa ba ya barin ƙafa ta zame. In kusurwar saukar ta ɗan karkace, ƙashi ko jijiya ne za su biya. Ta biyu kuma daga ofis ta fito: a watan Agusta Chelsea ta dawo da Graeme Le Saux daga Blackburn a kan fam miliyan 5. Le Saux shi ne lamba uku na Ingila, ya ci gasar Firimiya a 1995, ya girmi Babayaro da kusan shekara goma. Wato yaro bai buga wasan gasa ko ɗaya ba, an riga an ajiye masa babban yaya a gurbinsa.

Sai da kaka ta ɗan yi nisa ya fara bugawa, a wasan Turai da Slovan Bratislava. Ana wata ga wata, a watan Disamba ya sake jin rauni. Gullit ya rasa aikinsa a Fabrairun 1998, Gianluca Vialli ya karɓa, Chelsea ta ci kofin League a hannun Middlesbrough, ta ci kofin Cup Winners' Cup a hannun Stuttgart a Stockholm, duk Babayaro yana kallo daga waje.

Da ya warke, Vialli ya samo hanyar saka su su biyu: Le Saux a baya, Babayaro a gabansa a gefen hagu na tsakiya. Haka suka fito ranar 28 ga Agustan 1998 a Monaco, inda Gustavo Poyet ya ci Real Madrid ƙwallo ɗaya tilo aka ɗauki Super Cup, ana gobe Babayaro zai cika shekara 20. Tsarin ya yi wa ƙungiya amfani. A kakar 1998-99 sau uku kacal aka doke Chelsea a Firimiya, ta ƙare ta uku, ta samu damar shiga gasar Zakarun Turai karon farko a tarihinta. Amma a ganina ya jinkirta wa yaron karatunsa. Gudu yana da shi, tsalle yana da shi, ƙafar hagu mai kyau tana nan. Abin da ya rage masa shi ne karatun tsaron baya, kuma wannan ba a koyonsa sai a tsaye a gurbin, mako bayan mako.

Bari mu ɗan tsaya a kan gurbin nan, domin mai kallo a talabijin rabin aikin kawai yake gani.

Faɗin babban fili kusan mita 68 ne. Masu tsaron baya huɗu ba za su iya toshe shi duka ba, don haka sukan yi tafiya kamar an ɗaure su da igiya guda, tazarar mita 10 zuwa 12 tsakanin kowane biyu. In ƙwallo tana can gefen lamba biyu, wato mai tsaron baya na dama, lamba uku ba ya tsayawa a bakin layinsa yana gadin ciyawa; yakan matso ciki har ya zo daidai da turken raga na ɓangarensa, ya juya jiki yadda ido ɗaya ke kan ƙwallo, ɗaya kan lamba bakwai, ɗan wasan gefen abokan hamayya, da ke laɓe a bayansa. In ya matso da yawa, za a wurga doguwar ƙwallo ta kansa. In bai matso ba, za a zura ta tsakaninsa da lamba biyar, mai tsaron baya na tsakiya. Kuma shi ne a ƙarshen layi, shi ke hango sauran ukun a jere, saboda haka in tarkon satar gida ya lalace, sau da yawa ɗan gefe ne ya makara da taku ɗaya wajen fitowa.

Sai gaba da gaba da ɗan wasan gefe. Ba a tarar mutum da ƙirji a buɗe, ƙafafu a jere. Wanda ya tsaya haka, ta kowane ɓangare za a iya yanke shi, kuma kafin ya juya an ba shi taku biyu. Ana tsayawa ne a karkace, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi a kan yatsu, tazarar kusan mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ido a kan ƙwallo ba a kan rawar ƙafa ba. Ana gudu da ƙarfi lokacin da ƙwallo ke tafiya zuwa wurin mutumin, a rage gudu kafin ta iso ƙafarsa. Yawanci ana kora shi ne waje, domin layin gefe abokin aiki ne wanda ba ya gajiya. Sai dai ba kowa ake yi wa magani ɗaya ba. David Beckham na Manchester United ba ya bukatar ya wuce ka. Ba shi taku ɗaya na sarari, ƙwallo ta riga ta isa kan mai cin raga, don haka shi manne masa ake yi tun kafin ya ɗaga kai. Luis Figo kuwa so yake ka manne, ka miƙa ƙafa, ya bi ta gefenka. Shi haƙuri ake yi da shi, a ja da baya sannu a hankali har taimako ya iso.

Inda Babayaro ya fi armashi shi ne hawa gaba, kuma a nan ne haɗarin yake. Zagayen da lamba uku ke yi ta bayan ɗan wasan gefensa gudun mita 60 ne ko 70, kuma duk wanda ya tafi sai ya dawo. Ka'idar masu tsaron baya huɗu a wancan zamani a sarari take. Kada ka tashi sai wanda ke riƙe da ƙwallo ya fuskanci gaba kuma ba a matsa masa ba. In lamba biyu ya tafi, kai ka zauna. In ka tafi, wani daga tsakiya, Dennis Wise ko Didier Deschamps, ya zame ya rufe maka gida. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya kuskure, abin da ke biyowa kusan iri ɗaya ne kullum: a ƙwace ƙwallo kana gabanta, a jefa ta ramin da ka bari, Frank Leboeuf ko Marcel Desailly ya fito gefe dole, tsakiya ta zama kango. A nan mai ƙwarewa ba ya bin ƙwallo. Yakan yanke hanya ne ya nufi turken ragarsa don ya shiga tsakanin mutum da raga. Mai gudu kuwa, gudunsa kan rufa masa asiri sau tara, har ya saba da dogaro da shi. Na goma sai ya iske kansa a bayan mutum cikin da'irar gola, babu abin da ya rage masa sai miƙa ƙafa ko hannu.

Kakar 1999-2000 ce ta ba shi gurbin baki ɗaya, domin rauni ya kwantar da Le Saux yawancin kakar. Shi ya fara buɗe ragar Skonto Riga a wasan neman gurbin gasar Zakarun Turai a watan Agusta, aka tashi 3-0. Ranar 26 ga Disamban 1999, a gidan Southampton, Vialli ya fito da 'yan wasa 11 babu ɗan Birtaniya ko ɗaya, karon farko a tarihin Firimiya, kuma lamba uku a jerin nan Babayaro ne. Jaridun Ingila sun yi ta cece-kuce, Chelsea dai ta ci 2-1, duka biyun daga Tore Andre Flo.

Daga nan sai kiran gida. Gasar cin kofin Afirka ta 2000, wadda Najeriya da Gana suka shirya tare, Kano na cikin garuruwan da suka karɓi wasanni, ta ɗauke shi daga Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, har wasan ƙarshe da Kamaru ta yi nasara a bugun fenareti a Legas. Wannan ita ce asarar da ɗan Afirka ke yi a Turai duk shekara biyu a lokacin: ya bar gurbinsa makonni a tsakiyar kaka, wani ya hau. A Chelsea wani matashi ne ɗan gida, Jon Harley, ya riƙe wurin. Babayaro ya dawo ya karɓi abinsa, amma ba kowa ke wannan sa'ar ba.

Sai Barcelona, a zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe na gasar Zakarun Turai. Ranar 5 ga Afrilun 2000 a Stamford Bridge, filin Chelsea, Gianfranco Zola ya ci bugun tazara, Flo ya ƙara biyu, duk kafin hutun rabin lokaci. Figo ya rama ɗaya bayan an dawo, aka tashi 3-1. Wannan ɗayar ita ce ƙayar da ta tsaya a wuya, domin a lokacin ƙwallon da aka ci a waje tana da ƙarin nauyi: 2-0 ta ishi Barcelona a gida.

Ranar 18 ga wata a Camp Nou, kafin a tafi hutu Rivaldo da Figo sun riga sun kawo biyun. Flo ya farke ɗaya a minti na 60, Chelsea ta koma gaba a jimilla, ta riƙe har saura minti bakwai, sannan Dani ya sa kai ta zama 3-1, kunnen doki a jimilla. Rivaldo ma ya ɓarar da fenareti kafin a tashi. Aka shiga ƙarin lokaci. Ka tuna yaro ne ɗan shekara 21, ya shafe fiye da minti 90 yana kai da komo a ɗaya daga cikin filaye mafi faɗi a Turai, da 'yan wasan Louis van Gaal waɗanda aikinsu ke nan su manne da layin gefe su buɗe masu tsaron baya. Ƙafar da ta gaji ita ke fara makara, kuma makarar taku ɗaya ta isa. Figo ya kutsa cikin da'ira, Babayaro ya kayar da shi. Alƙalin wasa ya nuna fenareti, ya kuma kore shi. Rivaldo bai sake kuskure ba, Patrick Kluivert ya ƙara ta biyar, aka tashi 5-1.

A dokar wancan zamani, wanda ya hana damar cin ƙwallo bayyananniya cikin da'ira hukunci uku ke hawa kansa lokaci guda: fenareti, jan kati, da dakatarwa. Sai a 2016 aka sassauta, aka ce in mutum ƙwallo ya nufa da gaske, katin gargaɗi ya wadatar. In ja ne ko turi, jan kati na nan daram. Masu bin wannan tarihi tun kashi na biyu za su tuna ba wannan ne karon farko da aka kore shi a gasar ba. A Nuwamban 1994, ranar da ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa buga ta, yana ɗan shekara 16 a rigar Anderlecht a wasa da Steaua Bucharest, bai kai hutun rabin lokaci a fili ba. Tarihin ƙarancin shekarun nan ya zauna a hannunsa shekara 26, sai a Disamban 2020 Youssoufa Moukoko na Borussia Dortmund ya karɓe shi.

Wata guda bayan Camp Nou, ranar 20 ga Mayu, Chelsea ta fito wasan ƙarshe na kofin FA da Aston Villa, karo na ƙarshe da aka buga wasan ƙarshen kofin a tsohon filin Wembley kafin a rushe shi. Vialli bai canja ra'ayi a kansa ba. Ed de Goey a raga, Mario Melchiot a dama, Desailly da Leboeuf a tsakiya, Babayaro a hagu, George Weah da Zola a gaba. Wasan bai yi daɗin kallo ba, kuma irin wannan ranar ce mai tsaron baya ke so. A minti na 73 Zola ya ɗaga bugun tazara, golan Villa David James ya kasa riƙewa, Roberto Di Matteo ya zura ta cikin raga. Ita ke nan har aka tashi. A watan Agusta suka koma Wembley suka doke Manchester United 2-0 a Charity Shield, a watan Satumba kuma aka sallami Vialli.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga zamanin Claudio Ranieri, kocin da ba ya barin jeri ɗaya ya kwana biyu, da wasan ƙarshe na 2002 a Cardiff inda aka cire Babayaro a hutun rabin lokaci, da kuma bazarar 2003, lokacin da Roman Abramovich ya sayi ƙungiyar aka kawo Wayne Bridge daga Southampton a kan fam miliyan 7.