Tallafin gwamnati da aikin cire boilar kananzir a ƙauyukan Ingila

A ƙauyukan Ingila da Wales akwai gidaje da yawa da bututun gas na gari bai kai gare su ba. A Norfolk ko Cornwall ko tsaunukan Wales, da kananzir ake dumama ɗaki: tanki a bayan gida mai cin lita 1,000 zuwa 2,500, motar mai ta zo ta cika, boila ta ƙona, ruwan zafi ya zagaya cikin radiyetocin da ke manne a bango. Wasu gidajen kuma gas ɗin LPG, irin wanda ake ɗurawa a tanki ko silinda, suke ƙonawa. Sana'armu ita ce cire waɗannan, mu kafa injin zuƙo zafi a madadinsu. Injin nan firij ne aka juya masa baki: firij na kwashe zafin ciki ya watsar waje, shi kuma yana kwaso zafin iskar waje, ko da sanyi ya kai ƙasa da sifili, ya zuba shi cikin ruwan gidan.

Tallafin gwamnati na wannan aiki sunansa Boiler Upgrade Scheme. An fara shi a 2022, hukumar Ofgem mai kula da harkar makamashi ce ke gudanar da shi. Da farko fam 5,000 ake bayarwa kan injin da ke zuƙo zafi daga iska, 6,000 kan wanda ke zuƙowa daga ƙarƙashin ƙasa. A Oktoba 2023 aka mayar da duka biyun 7,500. Boilar da ke ƙona dunƙulen garin katako tana samun 5,000, amma sai a karkarar da ba gas na gari. Scotland tsarinta daban ne, ta hannun Home Energy Scotland, kuma tana yi wa gidajen karkara ƙarin fam 1,500.

Abin da masu gida suka fi ruɗewa a kai shi ne, kuɗin ba ya shiga asusunsu. Mu ne muke nema a madadinsu, kuma dole kamfanin ya kasance yana da shaidar MCS, wato rajistar ingancin masu kafa irin waɗannan injina, in ba haka ba ko sisi ba za a biya ba. Muna cire kuɗin tallafin daga farashin da muka rubuta, mu tura takarda ga Ofgem, su kuma su aika wa mai gida saƙon imel don ya tabbatar da yardarsa. Saƙon nan yakan maƙale a akwatin tarkace, aiki ya tsaya cik ana zargin hukuma. Idan ya amsa sai a fitar da baucha, mai wa'adin wata 3 ga injin iska, wata 6 ga na ƙasa. Sai mun gama, mun tayar da injin, mun fitar da takardar shaida, sannan a biya mu. Ga ƙaramin kamfani wannan nauyi ne, domin kayan aiki uku in suka haɗu a wata ɗaya, sama da fam dubu 20 namu na waje muna jira.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Lokacin da aka fara tsarin, an ce gidan ya kasance da takardar EPC, wato shaidar yadda gida ke tattalin makamashi, da ba ta wuce shekara 10 ba. Ƙarfin injin kada ya haura kilowat 45. Tsohuwar boilar kuma fita za ta yi gaba ɗaya, ba a yarda a bar ta tana taimaka wa sabon injin ba. A da, sai an cike rufin ɗaki da ramin da ke tsakanin rufin bango biyu da abin tare zafi idan takardar EPC ta nemi haka. A Mayu 2024 aka janye wannan sharaɗi. Mu dai har yanzu muna ba da shawarar a yi, musamman na rufi, don shi ne mafi araha. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ainihin aikin kuwa awo ne, tun kafin a taɓa sifana. Ɗaki bayan ɗaki muke bi: tsawo, faɗi, kaurin bango, irin gilashin taga, abin da ke ƙarƙashin daɓe. Daga nan muke lissafa zafin da kowane ɗaki ke zubarwa a ranar da ta fi sanyi, wajen digiri 2 zuwa 4 ƙasa da sifili gwargwadon yanki, alhali ana son falo ya tsaya a 21, ɗakin kwana a 18. Ba a duba girman tsohuwar boila a kwaikwaya. Boilar kananzir mai kilowat 25 sau da yawa tana zaune ne a gidan da kilowat 8 ya ishe shi. In aka sa injin da ya yi wa gida girma, sai ya riƙa tashi yana mutuwa kowane 'yan mintoci, ya sha wuta, kwamfuresa ta gaji da wuri.

Muna kuma neman rasidin mai na shekara biyu, don rasidi ba ya ƙarya. Litar kananzir tana ɗauke da kusan yunit 10.35 na makamashi, irin yunit ɗin da mitar wuta ke ƙirgawa. Gidan da ke ƙona lita 2,000 a shekara da boilar da ke amfana da kashi 85 cikin ɗari, zafin da yake samu ya kai yunit 17,600. Injin da ke ba da yunit 3.5 na zafi kan kowane yunit ɗaya na lantarki zai buƙaci kimanin 5,000. A misali, idan lita tana kwabo 65 na fam, yunit ɗin wuta kuma kwabo 26, to kunnen doki aka yi. Idan aikin ya lalace injin ya koma ba da 2.5, mai gida asara yake yi duk shekara, kuma tallafin ba zai rufe wannan rami ba. Duk wanda ya yi alkawarin rabin kuɗin mai ba tare da ya ga rasidi ba, a yi hattara da shi.

Bambancin 2.5 da 3.5 yawanci a radiyeta yake. Boila tana tura ruwa mai zafin digiri 70 ko fiye. Injin zuƙo zafi ya fi jin daɗi tsakanin 35 da 45. Radiyetan da aka saba da shi, in aka ba shi ruwa mai digiri 45, kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da aka rubuta masa kawai zai bayar. Don haka ake sauya wasu da masu faifai biyu ko uku. Ba duka ba, wanda lissafi ya nuna. Bututu ma haka: injin kilowat 8 yana son ruwa ya gudana kusan lita 23 a minti, saboda haka babban layi ya zama milimita 28 ko aƙalla 22. Gidajen da aka yi wa siririn bututu mai milimita 8 ko 10 su ne ke ba mu wahala, wani lokaci sai an ɗaga katakon daɓe. Kafin a haɗa sabon injin ana wanke tsohon layi, a sa matatar maganaɗisu, domin baƙin tsatsar shekaru tana toshe shi cikin mako kaɗan.

Ruwan wanka yana buƙatar sabon tanki, lita 200 zuwa 250 ga iyali matsakaici, mai faffaɗan murɗaɗɗen bututu a ciki. Sau ɗaya a mako ana kai shi digiri 60 don kashe ƙwayar cutar legionella.

A waje, injin yana son fili gabansa don iska ta fita, da ramin tsakuwa ƙarƙashinsa inda ruwan da yake ɗigarwa zai nutse, kada ya daskare a hanya wani ya zame. Ana lissafa ƙararsa zuwa tagar maƙwabci. Abin dariya, sababbin injina da yawa da gas ɗin furofen suke aiki a ciki, wato R290, ɗan'uwan gas ɗin da aka zo cirewa, sai dai shi zagayawa yake yi ba ƙonewa ba. Saboda yana kama wuta, ba a kafa injin dab da ƙofa, taga ko bakin magudana. Karkara kuma guguwa na yawan ɗauke wuta a hunturu, don haka ko a zuba gilaikol, maganin hana daskarewa, cikin ruwan, ko a sa bawul mai zubar da shi kafin ya ƙanƙare ya fasa injin. Kamfanin rarraba lantarki na yankin ma dole a sanar da shi.

Sai tsohon tanki, wanda mutane ke mantawa da shi a kasafi. Na kananzir, a rage sayen mai tun watanni kafin ranar aiki. Ragowar da dattin ƙasansa ma'aikaci mai rajistar OFTEC, ƙungiyar da ke tantance masu aikin boilar mai, ne zai zuƙe, a kai inda doka ta yarda. Na LPG yawanci mallakar kamfanin gas ne, kuma kwantiraginsu na iya kai shekara biyu, don haka a karanta takardar kafin a sa mana rana.

Ranar miƙa aiki muna saita injin ya riƙa bin yanayin waje: sanyi ya ƙaru, zafin ruwa ya ɗan hau. Muna gaya wa mai gida abu biyu. Kada ya riƙa kashewa da kunnawa kamar boila, a bar shi yana aiki a hankali. Kuma in ya ga farin tururi na tashi daga injin da safiyar sanyi, ba gobara ba ce, ƙanƙarar da ta taru a bayansa yake narkarwa, cikin minti goma zai koma aikinsa.