Ni da bashin NELFUND

Wallahi ranar da admishin ya fito murna ta hana ni barci, sai da na ciro takardar biyan rijista a kafe na ga kuɗin sannan jikina ya yi sanyi. Baba ya duba takardar, ya naɗe ta ya sa aljihu, bai ce komai ba.

Wani abokina a unguwar Mabera a Sakkwato ne ya ce in cika fom ɗin NELFUND, wani asusun karatu na gwamnatin tarayya, wai gwamnati na raba wa ɗalibai kuɗi. Da na gaya wa Baba abin da ya fara tambaya shi ne, "Kai, kyauta ce ko bashi? In bashi ne akwai ruwa?" Na tsaya ina kame-kame don ni kaina ban karanta ba. Sai da na koma na bi a hankali na gane ashe bashi ne, a 2024 aka sa hannu kan dokar, babu ruwa a kai, amma shekara 2 bayan gama bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin ɗari na albashinka. Sannan kashi biyu ne abin, akwai kuɗin makaranta wanda makarantar ake turawa kai tsaye ba ya shiga asusunka, akwai kuma dubu 20 ta kashewa duk wata.

Wajen cikawa na sha wuya, kuma laifina ne. Ana neman lambar JAMB da NIN da BVN, ni kuwa a wani wuri Muhammad nake a wani wuri Muhammed, harafi guda ya sa na yi ta sintiri banki cikin ranar Sakkwato, kuɗin kabu-kabu kaɗai ya ishe ni. Kafin a gyara lokacin rijista ya matso, dole Kawu ya sayar da albasa ya ranta mana, da bashin ya fito kuma sai na koma bin makaranta ta maido min nawa, an ɗau watanni.

Dubu 20 ɗin ce muka daɗe muna ja. Ni ina so, Baba ya ce in ɗauko biro. Wata goma kawai dubu 200 ke nan, kuma shinkafa da wake da data za su cinye ta, biyan yana nan yana jirana. Na ji haushi ranar, amma na makaranta kaɗai na cika. Yanzu Asabar da Lahadi ina shagon cajin waya na yayana, nan nake samun na handawut, wato takardun darasi.