Daga Nalcik zuwa gindin Elburus

A Nalcik, babban birnin Kabardino-Balkariya a kudancin Rasha, na shiga motar haya za ni Terskol, ƙauyen da ke gindin Elburus, dutse mai tsayin mita 5,642. Hanyar ta bi kwarin kogin Baksan, hawa kawai ake yi. Direban ɗan ƙabilar Balkar ne, dattijo, ga surutu. Da Rashanci muke hira, amma da zarar wayarsa ta yi ƙara sai ya juya zuwa yarensu, wanda suke tarayya da maƙwabtansu 'yan ƙabilar Karacai, yare ne dangin Turkanci.

Can sai na ji sunan garin da muka baro yana ta sauya wutsiya: Nalcikden, Nalcikge, Nalcikde.

"Baba, wannan fa?"

Ya yi dariya. Daga Nalcik, zuwa Nalcik, a Nalcik, in ji shi. Wato abin da mu muke sawa a gaban suna, su a bayansa suke liƙa shi. Wutsiyar kuma wasalin kalmar take bi: ya nuna dutse ta taga, tau, ya jero taudan, taugha, tauda. Ta mallaka da ta wanda aka yi wa aiki kuwa iri ɗaya ce, taunu, sai jimla ta raba gardama.

A Tirniyauz, tsohon garin haƙar ma'adinai, muka tsaya cin hicin, gurasa mai cuku da dankali a ciki, an malale ta da man shanu. Muna korawa da ayran, wani irin nono mai tsami, na ja shi kan mallaka. Nan kam Bahaushe ba baƙo ba ne: üy gida, üyüm gidana, üyüng gidanka, üyübüz gidanmu. Sai dai su ba sa tsayawa nan. Jam'i ya shigo, mai abu ya biyo, wutsiyar wuri ta rufe: üyleribizde, a gidajenmu. Tsarin ya burge ni, ba wanda ke tsallake layi.

Da ya zo kan el, ƙauye, muryarsa ta sauya. Elibizden, daga ƙauyenmu: ranar 8 ga Maris 1944 aka kwashe Balkar zuwa Kazakistan da Kirgizistan. Elibizge, zuwa ƙauyenmu, sai 1957. Iyayensa na ciki.

Da la'asar muka isa Terskol, hazo ya rufe ƙololuwar, sanyi har ƙashi. Na biya shi na ce sau bol, na gode, na ruga neman ɗaki mai ɗumi.