Yadda maganar Gowon da Bakassi ta kayar da ɗalibaina a gasar muhawara

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da tarihi da ilimin gwamnati a wata makarantar sakandare a cikin garin Bauchi, kuma a tsawon shekarun nan, duk lokacin da darasi ya biyo ta kan rikicin iyakar Najeriya da Kamaru, magana ɗaya nake faɗa wa yara ba tare da ko ɗar ba, wato Janar Yakubu Gowon ne ya ɗauki yankin Bakassi da ke bakin teku ya ba Shugaba Ahmadu Ahidjo na Kamaru tukuici, saboda Kamaru ta toshe wa Biyafara hanya a lokacin yaƙin basasa. Haka na ji daga bakin nawa malamin, haka ake faɗa a teburin mai shayin unguwarmu, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina inda aka samo ta ba. Wannan magana ce ta raba mu da kofi a zangon karatun da ya wuce, kuma har yanzu idan na tuna fuskar yaron da na ɗora masa ita, sai in ji kunya ta rufe ni.

An shirya gasar ce tsakanin makarantu, aka ba da take cewa Najeriya ta yi kuskure da ta miƙa Bakassi ga Kamaru, ƙuri'a kuma ta faɗa mana ɓangaren masu goyon bayan taken. Na yi murna, domin a ganina an ba mu ɓangaren da ke da sauƙi. Mako uku muka yi muna zama bayan an tashi daga makaranta. Ranakun da ake buƙata duk yaran sun haddace su daidai: Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a watan Maris na 1994 bayan artabun sojoji a yankin, kotu ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba, 2002, Obasanjo da Paul Biya sun sa hannu a yarjejeniyar Greentree ranar 12 ga Yuni, 2006 a gaban Kofi Annan, sannan aka kammala miƙa yankin a Kalaba ranar 14 ga Agusta, 2008 a zamanin marigayi 'Yar'aduwa. Ba a nan gizo ya yi saƙa ba. Matsalar ita ce duk hujjarmu na kafa ta a kan ginshiƙi guda, cewa Gowon ya yi kyauta da ƙasar da ba tasa ba a sanarwar Marwa ta 1 ga Yuni, 1975, cewa Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta amince da sanarwar ba, kuma kafin wata biyu ya cika aka hamɓarar da shi Murtala ya hau, saboda haka kyautar ba ta ɗaure Najeriya ba.

Ranar gasa, yaron da ya buɗe mana ya yi abin a yaba. Bai ko kalli ɗan katin da ke hannunsa ba, muryarsa ta cika ɗakin taro, aka yi masa tafi har sai da mai kula da lokaci ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. Sai wata yarinya daga ɗaya makarantar ta miƙe riƙe da takarda guda tilo da aka yi wa hoto, ta gyara hijabinta, ta tambaya a hankali cewa ta yaya Gowon zai yi kyauta a 1975 da abin da Birtaniya ta riga ta sa hannu ta bar wa Jamus, mai mulkin Kamaru a lokacin, tun ranar 11 ga Maris, 1913, shekara ashirin da ɗaya kafin a haifi Gowon, kuma shekara guda kafin a haɗe Arewa da Kudu a sami Najeriyar ma kanta. Daga nan ta karanta sashe na 20 na waccan yarjejeniya, wanda ya tanadi cewa ko da kogin Akwayafe, wanda aka yi iyaka da shi, ya sauya bakinsa ya koma zuba a mashigin ruwan Rio del Rey da ke gabashin Bakassi, yankin da ake kira Bakassi zai ci gaba da zama na Jamus. Ta kuma ƙara da cewa a watan Maris na 1962 ma'aikatar harkokin wajen Najeriya da kanta ta aika wa Kamaru wasiƙa haɗe da taswira, inda ta nuna iyaka tana bin wannan kogi.

Yaron nan ya juyo ya dube ni daga kan dandamali. Ba kallon tuhuma ba ne, kallon neman agaji ne, yana jiran in gyaɗa masa kai alamar cewa muna da amsa, ni kuwa a lokacin ne na fara jin labarin sashe na 20 a rayuwata. Da lokacin mayar da martani ya zo, sai ya maimaita maganar tukuicin da ƙarfin murya, domin ita kaɗai na ba shi. Bayan an tashi, ɗaya daga cikin alƙalan gasar, wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa, ya ja ni gefe ya ce, "Malam, yaranka sun fi kowa iya magana, amma wa ya ba su labarin Gowon ɗin nan?" Na ce masa ni ne, Baba. Bai ƙara cewa komai ba, ya dafa kafaɗata ya wuce, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A cikin motar da ta mayar da mu makaranta babu wanda ya ce uffan.

Washegari na je wani shagon buga takardu a Wunti na sa aka fitar mini da hukuncin kotun gaba ɗaya, shafi fiye da ɗari da hamsin, wanda yake nan a intanet kyauta duk tsawon shekarun da nake koyar da jita-jita. Sati guda na yi ina karantawa da dare. Abin da Gowon da Ahidjo suka sa wa hannu a Yawunde a 1971 da kuma Marwa a 1975 layin iyakar ruwa ne a teku, wanda ya tashi daga bakin kogin da aka riga aka ajiye tun 1913. Hujjar rashin amincewar majalisar soja kuwa, wadda na ɗauka ni na gano ta, lauyoyin Najeriya sun gabatar da ita tuntuni, kotu ta yi watsi da ita bisa dalilin cewa sa hannun shugaban ƙasa yana ɗaure ƙasarsa. Gaskiya ne Ahidjo ya mara wa gwamnatin tarayya baya a lokacin yaƙi, kuma ina jin daga nan aka ƙulla labarin, amma Gowon da bakinsa ya sha musanta cewa ya ba da Bakassi.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne wasiƙar 1962, domin a zamanin gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa aka rubuta ta, mutumin da kowace shekara nake kai ɗalibai ziyarar kabarinsa a nan Bauchi. Ba ina cewa shi ya ba da yankin ba, domin shi ma gadon takardun Turawa ya yi, kuma a taron Alƙahira na 1964 ƙasashen Afirka suka amince kowa ya riƙe iyakar da ya gada ranar samun 'yanci. Sai dai na lura cewa mun zaɓi wanda za mu ɗora wa laifi mun bar tarihin da ya gabace shi. Ko ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 da ta kawo mana Mubi da Ganye da tsaunin Mambila cikin Najeriya, ita ce ta tafi da Kamaru ta Kudu zuwa Jamhuriyar Kamaru, kuma a lissafin Turawan Ingila Bakassi tana cikin wannan ɓangare. Wanda ya ce a yaga takardun mulkin mallaka saboda Bakassi, ya kamata ya san abin da kuma zai yage tare da su.

Takaicin da ya fi wannan shi ne, muna da hujjoji masu ƙarfi da za su iya ba mu nasara, na bar su na kama ta mai shayi. Ainihin abin da Najeriya ta tsaya a kai shi ne yarjejeniyar kariya ta 1884 tsakanin Birtaniya da sarakunan Tsohuwar Kalaba, cewa wanda aka ba amanar kare ƙasa ba shi da ikon bayar da ita ga wani. Kotu ba ta karɓa ba, amma alƙalai uku, Abdul Koroma ɗan Saliyo da Francisco Rezek ɗan Brazil da Bola Ajibola na Najeriya, sun saɓa wa sauran, kuma bayanansu a rubuce suke. Akwai sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 da ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, wanda a kansa Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da miƙa yankin a Nuwamban 2007. Akwai wa'adin shekara goma na neman kotu ta sake duba hukunci, wanda ya ƙare a Oktoban 2012 gwamnati ba ta nema ba. Akwai jihar Kuros Riba da Kotun Ƙoli ta yanke a 2012 cewa ba ta da haƙƙi a rijiyoyin mai 76 domin ta daina iyaka da teku. Sama da duka akwai masuntan Efik da sauran mazauna yankin, waɗanda ba a tambaye su ba a 1913, ba a kuma tambaye su ba a 2002. Da yaron nan wannan na ba shi, da yarinyar ta sha wuya, domin takardarta ba ta amsa ko ɗaya daga ciki ba.

Ranar Litinin na tsaya gaban aji na faɗa musu cewa abin da na koya musu game da Gowon ba daidai ba ne, su soke shi a littattafansu. A nan ne wani yaro da ba ya yawan magana ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai babana ya zauna a Darak yana sayen banda, ya ce suna nan aka sauke tutar Najeriya, jandarmomin Kamaru suka karɓi garin." Na yi shiru, domin a shekara goma sha ɗaya ban taɓa ambaton Darak, wani gari a Tafkin Chadi, a aji ba, alhali hukuncin 2002 ya shafi iyakar gaba ɗaya ne, kimanin kilomita dubu biyu daga Tafkin Chadi zuwa teku. Da ruwan tafkin ya riƙa janyewa a shekarun 1970 da 1980, masunta Hausawa da Barebari da sauransu suka bi shi gabas suna kafa ƙauyuka, hukumomin Borno suka bi su da haraji da makarantu, har suka tsallake layin da Ingila da Faransa suka tabbatar a 1931 ba tare da sun ga wata alama a ƙasa ba. Kotu ta ce zama da karɓar haraji ba sa rinjayar takarda, kuma a Disamban 2003 aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka sama da talatin. Ashe ina koyar da rikicin kamar na mutanen Kalaba ne kawai, ga ɗan wanda abin ya ci a kujera ta uku.

Yanzu duk malamin da ya nemi shawarata kan shirya yara muhawara, abin da nake fara tambayarsa shi ne wace magana ce ya fi amincewa da ita a cikin hujjojinsa, sai in ce ita zai fara bincikawa, domin ranakun da nake shakka duk na duba su sau biyu, wadda na ɗauka kowa ya sani ce na bari ta wuce. Kuma kada ya miƙa wa yaro hujja ɗaya tak ya tura shi dandamali, ko da kuwa gaskiya ce. Yaron da ya buɗe mana har yau yana gaishe ni da ladabi, amma na lura idan na faɗi wani abu a aji yakan tambaya, "Malam, a ina aka rubuta?" Ba na jin haushinsa, ko da yake tambayar tana yi mini zafi kowane lokaci.

A makon jiya maganar ta sake tasowa a teburin mai shayi, wani ya ce ai Gowon ne ya sayar da Bakassi. Na ajiye kofina na kawo musu 1913 da kogin Akwayafe da wasiƙar 1962, har da batun Darak. Suka saurare ni har na gama, sannan wani dattijo a cikinsu ya girgiza kai ya ce, "To Malam, mu dai abin da muka sani Gowon ne."