Taransfomomin da suka ɓace a takarda

Taswirar layukan wutar lantarki aka ba ni in haɗa a QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta: manyan layuka, taransfomomi, sai turaku dubbai. Duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan daga nesa ya san yadda take, turakun sun cunkushe sun zama baƙin tabo, kwamfuta kuma sai nishi take yi. Don haka na sa wa kowace shimfiɗa, wato kowane rukunin abubuwan da ke taswirar, iyakar sikelinta, ma'ana kusancin da za a zuƙo kafin ta bayyana. Manyan layuka a gan su kullum, taransfomomi su fito daga 1:50,000, turaku kuwa sai an zuƙo zuwa 1:10,000. A allo abin ya yi kyau ƙwarai.

Wajen bugawa aka samu matsala. Shafin bugawa yana da nasa sikeli, wanda girman takarda da faɗin yankin da aka ɗauko ke haifarwa, ba ruwansa da inda ka tsaya a babban allo. Da na cusa yankin duka cikin A3, sikelin ya tsaya wajen 1:52,000, wato ya ɗan fi iyakar 1:50,000 nisa. Wannan ɗan bambancin ya kwashe taransfomomin kaf. Fayil ɗin PDF ya fita tsaf, da sunan hanyoyi da alamar arewa, aka buga, ma'aikata suka fita da shi, alhali taransfomomin ne dalilin fitar tasu. Har yau in na tuna kiran wayar da ya biyo baya sai raina ya sosu.

Abin da ya fi ci mini rai, babu abin da ya lalace balle a ga gargaɗi. A babban allo, in shimfiɗa ta fita daga iyakarta sunanta yakan dusashe a jerin gefe, amma wannan dusashewar sikelin allo take bi. Ni kuwa a zuƙe nake, komai na nan garau.

Yanzu ba na fitar da PDF sai na duba lambar sikeli a shafin bugawa na rubuta ta da hannuna. In iyakar za ta faɗo kusa da sikelin takarda, nakan ja ta zuwa 1:60,000 don a samu sarari. Rubutun sunaye ma yana da tasa iyaka daban, sai a bi shi a daidaita.

Daga baya an ce a ɗora taswirar a intanet, inda ake lissafi da matakan zuƙowa, 0 zuwa 19 a OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta a intanet, kowane mataki ninkin na bayansa. Mataki na 13 kusan 1:68,000 ne, na 14 kusan 1:34,000, wato 1:60,000 ta faɗa tsakaninsu ba tare da ta goge kowanne ba. Duk da haka sai da na bi matakan ɗaya bayan ɗaya ina neman taransfomomin nan da idona kafin na miƙa aikin.